Formula 1: Rigimar hana gwajin mota a tsakiyar kaka ta ƙi ƙarewa

A ƙarshen watan Fabrairun 2025, ƙungiyoyi goma na gasar tseren motoci ta Formula 1 suka taru a filin Sakhir da ke Bahrain domin gwada sababbin motocinsu. Kwana uku aka ba su. Kowace ƙungiya tana da direbobi biyu, amma doka ta ce mota ɗaya kawai za ta fito, don haka rabon kowane direba yini ɗaya da rabi ne. Lewis Hamilton, wanda ya bar Mercedes bayan shekara 12 ya koma Ferrari, abin da ya samu ke nan. Haka ma Carlos Sainz da ya koma Williams. Daga nan sai tsere 24 a jere, daga Maris har Disamba, ba tare da wata ƙungiya ta samu damar ɗaukar motarta ta bana ta kai wani fili ta gwada yadda take so ba.

Wanda bai saba da gasar ba zai yi mamaki. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana atisaye kusan kullum. Ɗan kokowa ba ya shiga fili sai ya yi watanni yana shiri. Amma motar da aka kashe wa miliyoyin dalar Amurka, wadda ke gudun sama da kilomita 300 a awa, an hana ta taka kwalta sai ranakun tsere. Fernando Alonso, wanda ya fara gasar tun 2001, ya sha kokawa cewa da wuya a samu wani wasa a duniya da ake ba ɗan wasa yini ɗaya da rabi kacal ya shirya wa gasar cin kofin duniya. Magoya baya kuwa sun rabu gida biyu a kan maganar tun 2009, kuma duk lokacin da wata ƙungiya ta tsere wa sauran, ko wani sabon direba ya kasa, sai gardamar ta sake tashi.

Zamanin da Ferrari ke gudu ba dare ba rana

Kafin a fahimci dokar, sai an koma farkon shekarun 2000. A wancan lokaci babu iyaka ta a zo a gani. Mai kuɗi yana gwaji iya ƙarfinsa, kuma babu wanda ya kai Ferrari jin daɗin wannan hali. Kamfanin yana da filinsa na kansa, Fiorano, wanda aka gina a 1972 dab da masana'antarsa a Maranello ta ƙasar Italiya, tsawonsa kusan kilomita uku. Yana kuma da filin Mugello da ya saya a 1988. Injiniya zai iya ƙera wani ƙarfe da safe, a ɗaura wa mota da rana, kafin magariba an san ko yana aiki. Akwai makanikai na musamman waɗanda ba sa zuwa tsere, aikinsu gwaji kawai. Akwai direba na musamman, Luca Badoer, wanda ya shafe sama da shekara goma yana zagaye filayen nan ba tare da ƴan kallo ba. Kamfanin taya na Bridgestone shi ma yana ƙera tayoyinsa daidai da abin da Ferrari ke buƙata.

Sakamakon kowa ya gani: Michael Schumacher ya ɗauki kofin direbobi sau biyar a jere, daga 2000 zuwa 2004, Ferrari ta ɗauki na ƙungiyoyi sau shida a jere daga 1999. Ƙananan ƙungiyoyi irin su Minardi, waɗanda da ƙyar suke haɗa kuɗin zuwa tseren kansa, sai kallo.

An fara rage abin a 2007, aka ƙayyade wa kowace ƙungiya kilomita 30,000 a shekara. Sai tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008. A watan Disambar shekarar Honda ta sanar da ficewarta daga gasar, hankalin kowa ya tashi. Hukumar FIA, ƙarƙashin Max Mosley, ta zauna da ƙungiyoyi aka amince a rage kashe kuɗi cikin gaggawa, kuma ɗaya daga cikin matakan shi ne haramta gwaji a tsakiyar kaka tun daga 2009. Maganar kuɗi ce zalla ta kawo dokar.

Shekarar farko ta ba kowane ɓangare hujjarsa

Abin da ya faru a 2009 har yau shi ne makamin da ɓangarorin biyu ke jifan juna da shi.

Masu goyon bayan dokar suna nuna Brawn GP. Ross Brawn ya karɓi ragowar ƙungiyar Honda a kan fam ɗaya na Ingila, ya shigo da mota mai wata dabara a ƙasanta ta baya da ke sa iska ta danne ta ƙasa fiye da na sauran. Jenson Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko. Manyan ƙungiyoyi sun kwaikwayi dabarar, amma ba su da damar zuwa fili su yi ta gwadawa har su daidaita ta cikin mako biyu kamar da. Kafin su cim ma Brawn, tazarar ta yi yawa. Ƙungiyar da ta kusa mutuwa ta ɗauki kofi biyu. A ganin wannan ɓangare, da a ce ana nan a tsohon tsari, da kuɗin Ferrari da McLaren sun haɗiye wannan labari tun kafin tsakiyar shekara.

Masu adawa kuma suna nuna abin da ya samu Ferrari a bazarar wannan shekara. A watan Yuli, a Hungari, wani ƙarfe ya ɓalle daga motar Rubens Barrichello ya bugi Felipe Massa a kai, ya ji mummunan rauni. Ferrari ta nemi Schumacher, wanda ya yi ritaya, ya dawo ya riƙe gurbin, ta kuma roƙi a ba shi yini ɗaya tak ya saba da motar shekarar. Williams da Red Bull da Toro Rosso suka ce a'a. Red Bull tana da nata ƙorafin: matashin direbanta Jaime Alguersuari, ɗan shekara 19, ya shiga tserensa na farko a Toro Rosso ba tare da ya taɓa zagaye fili da motar ba, to don me za a yi wa mai kofi bakwai alfarma? Daga baya ciwon wuya ya hana Schumacher dawowa, aka ba Badoer motar. Mutumin da ya fi kowa sanin motocin Ferrari, amma rabonsa da tsere tun 1999, kuma dokar ta hana shi tuƙa motar bana yadda ya saba. A Valencia shi ne na ƙarshe wajen neman gurbin tashi. A Spa ta Beljiyam ma haka, kuma ya gama tseren a ƙarshe, alhali abokin aikinsa Kimi Räikkönen ya ci tseren da irin motar. Aka cire shi aka kawo Giancarlo Fisichella, wanda ya zo na biyu a wannan tseren na Spa da motar Force India. Tsere biyar ya yi wa Ferrari bai samu maki ko ɗaya ba.

Gwajin ɓoye na Mercedes

Babu abin da ya nuna darajar gwaji kamar rikicin 2013. A tseren Sipaniya na watan Mayu, motocin Mercedes biyu ne suka tashi a sahun gaba, amma suna cin taya kamar wuta: Nico Rosberg ya gama na shida, Hamilton na goma sha biyu. Bayan kowa ya watse, Mercedes ta tsaya a Barcelona ta yi kwana uku tana gwada wa kamfanin Pirelli tayoyi, da motar bana, da direbobinta na tsere, sanye da hulunan kwano marasa alama. Kilomita 1,000 suka yi, wato ya ɗara tafiya daga Yamai zuwa Damagaram. Asiri ya tonu a Monako mako biyu bayan haka, kuma Rosberg ne ya ci tseren. Red Bull da Ferrari suka shigar da ƙara.

Mercedes ta kare kanta da cewa Pirelli ce ta shirya gwajin, kuma ta tuntuɓi jami'in FIA Charlie Whiting kafin ta amince. A watan Yuni kotun FIA a Paris ta tsawata wa Mercedes da Pirelli, ta kuma hana Mercedes shiga gwajin matasan direbobi na watan Yuli. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi sauƙi.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Ƙarshen watan Yunin, a Silverstone ta Birtaniya, tayoyin baya suka yi ta fashewa ana tsakiyar gudu: na Hamilton yana kan gaba, na Massa, na Jean-Éric Vergne, na Sergio Pérez. Pirelli ta daɗe tana kukan cewa ana neman ta ƙera taya ga motocin da ba a ba ta damar gwadawa da su. Cikin gaggawa aka mayar da gwajin matasan na Yuli ya zama gwajin taya, aka bar manyan direbobi su shiga. Ga masu neman a dawo da gwaji, wannan rana ta isa hujja cewa maganar ta wuce ta kofi, ta taɓa rayukan mutane. A 2014 an dawo da gwaji huɗu na kwana bibbiyu a tsakiyar kaka, daga baya aka rage zuwa biyu, a 2020 aka soke su gaba ɗaya.

Ɗaya ɓangaren ma yana da amsa a kan batun rai. Ranar gwaji ba ta da yawan likitoci da ƴan kwana-kwana irin na ranar tsere, aƙalla a da. Elio de Angelis ya rasu a 1986 bayan haɗari a gwajin Brabham a filin Paul Ricard na Faransa, inda aka yi jinkirin fitar da shi daga motar da ke ci da wuta. María de Villota ta rasa idonta na dama a 2012 a wani gwajin Marussia a Ingila, ta rasu shekara guda bayan haka.

To ina kuɗin suka koma?

Nan ne gardamar ta fi armashi. Hana gwaji bai hana a ci gaba da gyara mota ba. Kusan kowane tsere akwai ƙungiyar da ke zuwa da sabon fiffike ko sabuwar shimfiɗar ƙasa. Abin da ya canza shi ne wurin da ake aikin. Ya koma cikin gini: ɗakin gwajin iska, inda ake hura wa ƙaramar mota iska mai ƙarfi ana auna yadda take ratsa ta, manyan kwamfutoci masu lissafin tafiyar iska, da na'urar kwaikwayon tuƙi, inda direba ke zama cikin akwati mai motsi yana tuƙa motar da ba ta wanzu ba tukuna. Duk waɗannan masu kuɗi ne suka fi iya mallakarsu. Don haka masu suka ke cewa an hana attajiri shiga ta ƙofa, ya shigo ta taga, kuma ɗan kallo ne ya yi asara, domin a da yana iya zuwa bakin fili ya ga mota, yanzu komai a kulle yake.

Kuma kwamfuta tana kuskure. Doka ta ƙayyade cewa motar da ake sakawa a ɗakin iska ba za ta wuce kashi 60 cikin 100 na girman ta gaske ba, iskar kuma ba za ta wuce gudun kilomita 180 a awa ba. A 2022, da aka canza dokokin ƙira, motoci suka fito fili suna tsalle sama da ƙasa in sun kai ƙololuwar gudu, abin da yawancin ƙungiyoyi ba su hango a na'urorinsu ba. Mercedes ta fi kowa shan wahala. A Baku ta Azarbaijan, Hamilton ya fito daga mota yana dafe da baya. Ƙungiyar ta yi sama da shekara tana riƙe da ƙirarta mai siririn gefe, saboda alƙaluman kwamfuta suna cewa tana da kyau, sai a Monako a 2023 ta haƙura ta watsar. A 2024 Ferrari ta kai sabuwar shimfiɗa Barcelona, motar ta koma tsalle, dole a Silverstone ta dawo da tsohuwar. Kwana biyu a Fiorano da sun nuna matsalar kafin a ɓata tsere uku.

Shi ya sa atisayen ranar Juma'a ya zama filin gwaji na dole. Za ka ga mota ta fito an shafa mata fenti kore ko an ɗaura mata ragar ƙarafa a bayan taya, duk don a ga inda iska ke bi. Shi ma an rage shi: tun 2021 kowane zama awa ɗaya ne maimakon awa ɗaya da rabi, kuma a ƙarshen mako shida da ake gajeren tseren Asabar, zama ɗaya kacal ake yi.

Masu kare dokar ba su rasa ta cewa ba, kuma babbar hujjarsu ita ce McLaren. Ta fara 2023 ba ta da maki a tsere biyu na farko. A watan Yuli ta kawo gyare-gyare a Ostiriya, mako guda bayan haka Lando Norris ya zo na biyu a Silverstone. A Mayun 2024, da wani sabon gyaran, ya ci tserensa na farko a Miami, a ƙarshen shekara McLaren ta ɗauki kofin ƙungiyoyi, karo na farko tun 1998. Wannan kuwa bayan Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22 a 2023. Ba a yi gwajin fili ko na yini ɗaya ba. Wato ana iya tashi daga baya a kamo na gaba, in aikin cikin gida ya yi kyau.

Akwai kuma tsarin da aka shigo da shi a 2021 wanda ya sauya lissafin. Na farko, iyakar kashe kuɗi: dalar Amurka miliyan 145 a shekarar farko, sama da miliyar 80 na sefa, daga baya aka rage zuwa miliyan 135, ban da albashin direbobi da wasu abubuwa. Na biyu, rabon lokacin ɗakin iska bisa matsayi. Tun 2022 ƙungiyar da ke kan gaba tana samun kashi 70 cikin 100 na ma'aunin, ta goma tana samun kashi 115, ana sake lissafi sau biyu a shekara. Da aka samu Red Bull ta ɗan wuce iyakar kuɗin 2021, an ci ta tarar dala miliyan 7, amma abin da ya fi yi mata zafi shi ne rage mata kashi goma na lokacin gwajin iska.

Iyakar kuɗin nan ita ce ta raunana tsohuwar hujjar. In dalilin haramcin 2009 shi ne kada mai kuɗi ya saye kofi da yawan zagaye, to yanzu aljihun kowa an ɗaure shi daidai. Sainz ya kawo shawara mai ma'ana a Bahrain a 2025: a saka kuɗin gwaji cikin iyakar, kowace ƙungiya ta zaɓa, ko ta kashe a na'urar kwaikwayo ko ta kashe a kan kwalta. Da wuya a samu amsa mai ƙarfi ga wannan ta fuskar adalci, sai dai a ce Ferrari mai fili a bayan gida za ta fi samun sauƙi, wanda shi ma ana iya magance shi da ƙayyade filayen da za a yi. Cikas na gaskiya yana wani wuri. A zamanin Schumacher tsere 16 zuwa 19 ake yi a shekara, a 2025 kuwa 24 aka yi, wani lokaci mako uku a jere a nahiyoyi dabam-dabam. Makanikan da ke kwance mota su ɗaura cikin dare su ne za a ƙara wa aiki, kuma iyakar kuɗi ba ta barin a ɗauki wata tawaga ta dabam. Gasar ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2030, ƙarin jiragen dakon kaya ba zai taimaka ba.

Matasa ne ke biyan kuɗin

Inda dokar ta fi cutarwa shi ne wajen sababbin direbobi. Hamilton ya yi dubban kilomitoci da motar McLaren kafin tserensa na farko a 2007, ya kuma gama cikin ukun farko a tsere tara a jere. Matashin yau ba shi da wannan gata. A 2025 Red Bull ta sauke Liam Lawson bayan tsere biyu kacal, Alpine ta ajiye Jack Doohan bayan shida. Ko wane ne ke da laifi, hukunci ne da aka yanke wa mutanen da ba a ba su lokacin sanin motarsu ba.

Akwai ƴan ƙofofi da aka bari. Kowace ƙungiya tana da rana biyu a shekara na ɗaukar hoton talla, kilomita 200 kowace, da tayoyin da ba na tsere ba. Dole ne ta ba matashi atisayen Juma'a, sau biyu a da, sau huɗu tun 2025. Pirelli tana shirya nata gwajin taya, amma ita ke juya shi. Sai babbar ƙofa: an yarda a yi gudu da motar da ta kai shekara biyu da fita. Da ita Mercedes ta horar da Kimi Antonelli tsawon 2024 kafin ta ba shi kujerar Hamilton. Sai dai wannan ma gatan masu ƙarfi ne, domin riƙe tsohuwar mota da injinta da makanikanta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Da Max Verstappen ya ɗauki motar 2022 ya je Imola a watan Yunin 2024, abokan hamayya suka yi zargin ana amfani da tsohuwar don gano ciwon sabuwar. Tun 2025 aka ƙayyade wa direbobin tsere kilomita 1,000 cikin kwana huɗu, ƙungiya kuma kwana 20 a shekara.

Masu bin tseren babura suna yawan kawo misalin MotoGP. A can, tun 2024, an kasa kamfanoni bisa yawan makin da suka samu. A 2024 an takura wa Ducati da ke kan gaba, Honda da Yamaha da suka faɗo ƙasa kuma aka sake musu mara: su yi gwaji da mahayansu na tsere, su gyara injin a tsakiyar kaka. Wasu magoya bayan Formula 1 na ganin haka ya kamata a yi, a ba ƙungiyoyin baya ƴan kwanaki a fili kamar yadda ake ba su ƙarin lokaci a ɗakin iska. Wasu kuma na cewa wannan horon mai ƙoƙari ne da sakawa wa rago.

Kakar 2026 ta tilasta sassauci. Sabon injin da kusan rabin ƙarfinsa na lantarki ne, sabuwar ƙirar jiki, shigowar Audi da Cadillac, duk sun sa aka ware gwaji uku kafin a fara: ɗaya a Barcelona a ƙarshen Janairu ba tare da ƴan kallo ba, biyu a Bahrain a Fabrairu. Iyakar kuɗin ma an ɗaga ta zuwa dala miliyan 215. Amma daga ranar da aka tashi tseren farko a Melbourne, haramcin nan na 2009 ne ke ci gaba da aiki har ƙarshen shekara.